Igiyar Kaba a Tsawa-ba-Hadari

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya kafa duwatsu, ya ɓoye ruwa a inda ya so, ya bayyana shi a inda ya so. Ku matso ku ba ni kunnuwanku. Ni ne Nomau mahaƙin rijiya, ɗan mahaƙin rijiya, jikan mahaƙin rijiya, zan ba ku labarin abin da ya same ni da ƙanena Arzika a tsibirin Lanjara, can bayan Tekun Numfashi, inda na ga kogi yana faɗowa daga sama.

Mu mutanen Kwalgam ne, ƙasar rairayi da ƙaya, inda ruwa ke kwance can ƙarƙashin ƙasa, sai an bi shi da dagi da kwando. Mutum biyu ke aikinmu, mai shiga da mai riƙo. Mai shiga ya ɗaura igiyar kaba a ƙugu ya sauka cikin duhu, mai riƙo ya tsaya a bakin rijiya da ɗaya bakin igiyar. Ranar da za a fara ba yaro riƙo, ubansa kan naɗa masa igiyar a tafin hannu gaban dattawa, ya rantsar da shi cewa ba zai sake ta ba muddin akwai mutum a ƙasa, ko rijiya na ruftawa, ko maciji na hawa ƙafarsa. Wanda ya saki igiya a Kwalgam, ba a ƙara cin tuwo da shi a akushi ɗaya, ba a ba shi mata, in ya mutu ba mahaƙin da zai haƙa masa kabari. An sha tono mai riƙo daga ƙarƙashin ƙasar da ta zabtare, a same shi ya cika da igiya a hannu, amma ba a taɓa jin wanda ya sake ta yana numfashi ba.

Ni ne mai riƙo, don Allah ya yi ni ƙato, ga nauyi ga ƙarfin damtse, ga kuma tsoron rami da ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Arzika kuwa siriri ne, ba ya zama wuri ɗaya, kuma ba abin da ya tsana kamar a ce masa abu ba zai yiwu ba. Shi kaɗai ya rage mini a ɗakin mahaifiyarmu. Ina ƙaunarsa, ko da yake rabin furfurar da kuke gani a kaina shi ya dasa mini ita.

Wata rana wani farke ya sauka a garinmu, ya sha ruwanmu ya yamutse fuska, ya ce a tsibirin Lanjara akwai matsirga, wato ruwan da ke faɗowa daga kan dutse, matuƙan jirgi suna kiranta Tsawa-ba-Hadari. Ya ce a bayan ruwan akwai kogo, a cikin kogon akwai wasu tsakuwoyi masu gumi, in aka jefa guda a busasshiyar rijiya, kafin gari ya waye ta cika har baki. Ni na yi dariya na ci gaba da tufkar igiyata. Arzika bai yi dariya ba. Da na ga yadda ya ƙura wa farken ido na san na shiga uku.

Na ce, "Kai dai ka bari. Zancen fatake ne."

Ya ce, "Yaya, in ƙarya ne mun ga duniya. In gaskiya ne, ba ɗan Kwalgam da zai ƙara mutuwa a rami. In ba za ka je ba, ni zan tafi."

To wa zai riƙe masa igiya? Na naɗe wadda ta fi kowace tsawo, na saɓa ta a kafaɗa, muka bi ayari.

Mun ratsa ƙasar gishiri inda ƙafar raƙumi ke tsagewa, mun ratsa ƙasar mutanen da ke gina ɗakunansu bisa itatuwa don gudun namun daji, har muka iso bakin teku. Ranar da na fara ganinsa sai na tsaya ina ta kallo. Ni da na saba ganin ruwa a gindin rami, faɗinsa bai wuce faifai ba, ga shi nan ya haɗe da sama, yana tasowa yana rusawa, ba wanda ya taɓa shi. A cikin jirgi kuwa ba abin da na tsinana sai amai da salati, Arzika yana can bisa itacen tsakiyar jirgi yana koyon harshen matuƙa.

Matuƙan ba su yarda su kai mu gaɓar Lanjara ba. Suka ce tekun nan numfashi yake yi, in ya ja ruwansa ya tafi, sai ƙasa ta buɗe, mu sauka mu taka da ƙafa, amma mu yi sauri kafin ya fesar. Muka sauka cikin wani baƙin taɓo mai wari, ƙaguwoyi masu girman turmi suna leƙowa daga ramukansu suna kallonmu. Ba mu kai rabin hanya ba Arzika, da yake gaba kamar kullum, ya nutse har ƙirji. Na waiwaya, sai ga wani farin layi can nesa yana tahowa da gudu, teku ya fara dawowa. Na kwanta rub da ciki bisa wani ruɓaɓɓen gungume, na jefa masa igiya, na ja har na ji jijiyar wuyana za ta tsinke. Taɓon ya sake shi da ƙyar, ya riƙe wandonsa. Muka haye tudu ruwa na lasar dugaduganmu, Arzika tsirara yana dariya, ni ina kuka.

Ya dafa igiyar ya ce, "Ka gani, Yaya? In dai da wannan a tsakaninmu, ba abin da zai ci mu."

Dajin Lanjara ba irin namu ba ne. Ba a ganin rana, ganye ɗaya ya isa mutum ya yi laima da shi, kuma ko'ina ɗiga yake yi. Matsattsaku suka riƙa faɗo mana daga bisa rassa, suna shiga wuya suna shiga kunne, sai da muka shafe jikinmu da toka da garin taba kafin suka ƙyale mu. Tun daga nesa muke jin wani rugugi da ba ya tsayawa, ƙasa tana rawa a ƙarƙashin tafin ƙafa.

A wani ƙauye na masunta muka sami masauki, gidan wata tsohuwa da ake kira Inna Sumbele. Mijinta matuƙin jirgi ne kafin ya rasu, don haka tana jin harshen da Arzika ya koya, ni ma ina tsintar kaɗan. Gajeriya ce, haƙoranta sun zube saura na gefe, kuma ba ta iya magana a hankali ba, don duk mutanen garin da ihu suke hira saboda ƙarar ruwa. Da ta ji abin da ya kawo mu, ta dube mu sama da ƙasa.

Ta ce, "Kun iya iyo?"

Arzika ya ce, "Mun saba da ruwa, Inna. A ciki muke aiki."

Ta ce, "Ina yake kai muku?"

Ya nuna gwiwarsa. Tsohuwar nan ta yi dariya har da riƙe ciki, ta kira maƙwabta ta faɗa musu, su ma suka yi.

Ita ta kai mu wani tafki mai sanyi a ƙasan kogin, ruwansa garau har kana ƙirga tsakuwar ƙasa, ƙananan kifaye masu ja da shuɗi suna cizon yatsun mutum. Nan ta koya mana iyo. Kafin wata ya ƙare Arzika yana ratsa tafkin yana dawowa, yana nutso ya ɗauko abin da ta jefa. Ni kuwa duk shigar da na yi sai na sha na ƙoshi, har Inna ta ce a bar ni a gaɓa kada in ƙarar musu da tafki.

Ranar da ta kai mu gaban Tsawa-ba-Hadari, na so a ce ban zo duniya ba. Dutsen ya yi tsawon da sai ka kwantar da kai kafin ka ga ƙarshensa, daga can kogi guda yake sakin jiki ya faɗo, fari fat, ya doki wani baƙin gurbi da ke ƙasa. Feshinsa ya tashi kamar hayaƙi ya jiƙa mu tun daga nesa. Inda ruwan ke dukan gurbin, wurin tafasa yake yi yana juyawa. Muna tsaye wani gungume ya gangaro ya faɗa ciki, ya nutse, ya taso, ruwan ya sake jawo shi baya ya danna shi ƙasa.

Inna ta jawo kunnuwanmu kusa da bakinta. Ta ce shiga ba wuya, mutum ya bi jikin dutse ta gefe da iyo, ruwan da kansa zai tura shi cikin kogo. Fitowa ce aiki, don ba a komowa ta inda aka shiga.

Ta dubi Arzika ta ce, "Ɗana, ka ji da kyau. In ka ɗauki abin da ka je ɗauka, ka cika ƙirjinka da iska, ka faɗa tsakiyar ruwan nan. Zai danna ka ƙasa. Ka bar shi. Kada ka yi kokawa, kada ka nemi sama. Can gindi akwai wani ruwan mai gudu, shi zai ɗauke ka ya kai ka Matofa, inda yake tofar da abin da ya haɗiya." Ta nuna wani yashi can ƙasa, bayan wata kwana. "Kuma ba a shiga da komai. Ba laya, ba guru, ba zobe. Man kwakwa za ka shafa, shi ke nan."

Na ce, "Igiya fa, Inna?"

Ta ce, "Wace igiya?"

Na nuna mata ta kafaɗata, na yi mata bayanin yadda muke yi a gida. Fuskarta ta canza. Ta ce in muna so mu koma garinmu mu biyu, mu bar abin nan a ɗakinta. Muka ce to.

A hanyar komawa Arzika ya matso kusa da ni ya ce da harshenmu, "Yaya, ka yarda in shiga wancan wuri ba komai a ƙuguna?"

Na ce, "Ko a mafarki."

Ya ce, "Ni ma ƙafata ba za ta taka ba. Su ba su san igiya ba ne."

Mu a ganinmu ba gardama muka yi mata ba. Tura mutum cikin rami ba igiya, a wurin ɗan Kwalgam, daidai yake da kashe shi.

Washegari da hantsi, Inna ta tafi ɗiban kwakwa, muka sulale. Arzika ya tuɓe ya shafa mai, na ɗaura masa igiyar da ƙullin da mahaifinmu ya koya mana, wanda ba ya kwancewa sai da yatsu. Na sami wani dutse a bakin gurbin na dogara ƙafafuna, na zagaya igiyar a bayana, na naɗa ta a hannun dama. Ya yi bisimilla ya shiga. Na ga kansa yana bin jikin dutse, ƙarami, baƙi, har feshi ya rufe shi. Igiya ta yi ta zarewa daga hannuna, sannan ta tsaya.

Na jira. Can na ji ya girgiza igiya, alamarmu ta cewa an sami abin da ake nema. Ban gama hamdala ba na ji wata fizga da ta kusa cire mini kafaɗa.

Ya faɗa cikin ruwan. Na ja. Na rantse muku na taɓa ciro jaki daga rijiya ni kaɗai, amma wannan karon ko taki ɗaya ban samu ba. Ruwan ya danna shi ƙasa, igiyata ta hana shi kaiwa gindi, sai ya taso a tsakiyar tafasar nan, na ga hannunsa, na ga bakinsa a buɗe, ruwan ya sake jawo shi baya ya danne. Ya taso, ya nutse. Ya taso, ya nutse. Kabar ta yanka tafin hannuna, jini ya bi igiyar. Ina kiran sunansa, ni kaina ba na jin muryata. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba, kuma ba na fatan maƙiyina ya ji shi.

Sai na ji an shaƙo gemuna. Inna Sumbele ce, ta yar da kwandonta a hanya, tana haki.

Ta yi ihu a kunnena, "Sake shi!"

Na ce, "Taya ni ja, Inna! Kira mutane!"

Ta ce, "Ko garin nan duka suka zo ba za su ja shi ba! Kai ne ka riƙe shi a bakin mutuwa! Sake!"

Na ce, "Ba a saki! Mu ba ma saki!"

Ta duba ƙugunta ba wuƙa. Ta kai baki ga igiyar tana ciza da 'yan haƙoranta na gefe, kaba ko gezau. Ta ɗago tana kuka, ta mare ni.

Ta ce, "Dube shi! Dube shi, ƙaton banza! Ɗazu da hannu biyu yake tasowa!"

Na duba. Ya taso, hannu ɗaya ne a sama, kuma yatsun ba sa motsi sosai. Na tuna ranar da mahaifina ya naɗa mini igiya gaban dattawa. In na riƙe, Arzika zai mutu a hannuna, in koma gida a ce na cika ɗa. In na saki, watakila ya mutu duk da haka, shi kaɗai a cikin duhu, yana sane da cewa yayansa ya yar da shi. Wannan na biyun shi ya fi ba ni tsoro. Ya sake nutsewa, na jira tasowarsa, ta yi jinkiri.

Yatsuna sun ƙi buɗewa, sai da na sa hannun hagu na ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya. Igiyar ta zare daga bayana da zafi, ta yi tsalle bisa dutse, ta shige cikin farin ruwan, ban ƙara ganinta ba.

Inna ta ce, "Matofa! Gudu!"

Na yi gudu ina faɗuwa ina tashi, saiwoyi suna harɗe ni. Na isa yashin, ba kowa. Ruwa na wucewa lafiya lau, da ganyaye a kansa. Na shiga har ƙugu, ni da ban iya iyo ba. Zuciyata ta ce igiyar ta sarƙe a wani dutse can gindi, ƙullin da na yi da hannuna yana riƙe da shi. Na yi ta kallon ruwan nan har idona ya fara ganin duhu.

Sai ruwa ya kumbura a gabana, ya turo shi sama, rub da ciki, igiya na biye da shi. Na cafko gashinsa na ja shi gaɓa. Jikinsa sanyi ƙalau, leɓunansa sun yi fari, hannuwansa a buɗe ba komai a ciki. Inna ta iso ta ture ni, ta kifa shi bisa gwiwarta tana dannar bayansa. Ruwa ya fito ta baki ta hanci. Shiru. Ta sake dannawa. Sai ya yi wani tari mai ƙarfi, ya ja numfashi da ƙara. Na zauna a cikin yashi.

Da ya buɗe ido ya gan ni, sai ya zabura ya ja da baya.

Ya ce, "Yaya? Kai ne? Kana raye?"

Na ce, "Ni ne, Arzika. Kwanta."

Ya kamo hannuna yana taɓawa, yana rawar sanyi. Ya ce, "Ina ta kokawa in taso, don na san kana ja. Sai na ji igiya ta saki. Na ce shi ke nan, ruwa ya jawo Yaya, ya mutu. Na ce to me ya rage? Na saki tsakuwar, na saki jikina, na ce ya kai ni inda ya kai ka." Idonsa ya sauka kan tafin hannuna da ya yage, ya bi igiyar da kallo har zuwa ɗaya bakinta da ke kwance a yashi, lafiyayye, ba tsinkewa ba yanka.

Ya ce, "Yaya, in kana raye, wa ya sake ta?"

Na ce, "Ni."

Inna ta buɗe baki za ta yi magana, na ɗaga mata hannu. Arzika ya daɗe yana kallona. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da duk ɗan Kwalgam zai faɗa, kuma da ya faɗa ba zan ga laifinsa ba.

Ya kwance ƙullin daga ƙugunsa, ya jawo igiyar har ya kamo bakinta. Ya lalubo wani dutse mai kaifi, ya ɗora ta bisa wani, ya fara dandaƙa. Ba shi da ƙarfi, dutsen yana suɓuce masa, yana sake ɗauka. Sai da kabar ta tarwatse ta yi buzu-buzu ya ɗaga ta ya duba, ya miƙo mini.

Ya ce, "Tsinkewa ta yi, Yaya. Ni ne a ƙasa, ni zan faɗa wa dattawa. Tsinkewa ta yi."

Na karɓa da hannun da ya sake ta, na kifa fuskata a kanta na yi kuka, shi kuma ya dafa wuyana yana tari.

Nan hikayar ta tsaya. Wanda ya ji ya yi wa Inna Sumbele addu'a, Allah ya kai haske kabarinta.